Gurbin da Daudu Ya Bari a Cikin Amshi

Ni ɗan makaɗa ne, jikan makaɗa. An haife ni a shekarar 1964 a wani ƙauye da ke tsakanin Maradun da Talata Mafara, a gidan da aka gaji kiɗan kotso tun daga kakan kakana. Yau ina zaune a Gusau, unguwar Tudun Wada, sana'ata wankin hula. Duk wanda ya shigo shagona zai ga wani abu rataye a kusurwa, naɗe cikin tsohon buhu. Yara kan ɗauka ƙaramin turmi ne. Kotson mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina son in ba da labarinsa, sai bayan ƙaramar sallar da ta wuce wani abu ya shiga tsakanina da ɗana, na ga lokaci ya yi. Ɗan nawa ne ma yake rubuta wannan a waya, ni ina faɗa, kuma na ce masa kada ya rage ko kalma ɗaya, har wuraren da na taɓa shi.

Mahaifina ba shahararre ba ne. Ba a taɓa sa muryarsa a rediyo ba, ba shi da kaset ko ɗaya a kasuwa. Makaɗin wani hakimi ne, shi yake yi wa waƙa, a ƙofarsa yake ci. Su biyar ne. Shi ne jagora. Sai ƙanensa da kowa ke kira Daudu saboda shi ne Daudun kiɗi, wato mataimakin jagora, sai ƙaramin baffanmu, sai wani maƙwabcinmu da muke ce wa Dogo, sai sanƙira mai kirari da roƙon baki. Ni na zama na shida a 1974, shekara ɗaya bayan babban farin nan da ya karkashe dabbobi, ina ɗan shekara goma.

Shekara uku cur ban buga kotso a gaban mutane ba. Aikina ɗaukar kaya: kotsuna, buta, tabarma, da jan jaki. In na kai hannu kan fata sai Baba ya kalle ni ya ce, "Kunne shi ka fara kiɗi, ba hannu ba. Aje." Sai in ajiye.

Bari in gaya wa yaran yanzu yadda kotso yake, don da yawansu ba su taɓa riƙe shi ba. Fuska ɗaya gare shi, gindinsa a buɗe yake. Ana rataya shi a kafaɗa, a buga da yatsu, ba da makaɗi irin na kalangu ba, ɗaya hannun kuma yana matsa tsarkiya yana sassautawa, a nan ne yake yin magana. A tsakiyar fatar akwai wani baƙin danƙo da ake liƙawa, sunansa nake. Ran kotso yana wurin. Ba zan manta da yadda Baba yake sa shi ba. Zai zauna kusa da wuta ya murza ɗan ƙulli tsakanin babban yatsa da manuni har ya yi laushi, ya danna a tsakiya, ya baza, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana saurare kamar mai jin numfashin jariri. Sai ya sa farce ya kankare ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya sake ƙwanƙwasawa. Yana iya yin haka daga magariba har isha'i. Da damina fata takan saki, sai an gasa ta a bakin wuta. Da hunturu takan ɗaure har a ji tsoron kada ta tsage. Kowane kotso da halinsa, kuma na Baba ba ya yarda da hannun kowa sai ya saba da shi.

Waƙa kuwa a zaure ake dafa ta, bayan sallar isha'i, da fitilar ƙwai guda ɗaya. Sau da yawa a gona Baba yake samun gindin waƙa, wato layin da ake ta komawa kansa. Za ka gan shi yana noma leɓensa na motsi, kwana uku, kwana huɗu, ba ya gaya wa kowa. Ran da ta nuna sai ya aika a kira 'yan amshi. Ya rera gindin sau biyu, su karɓa, su juya shi, Daudu ya ce wannan kalmar ta yi nauyi, numfashi ba zai kai ba, a sake. Daga nan a shiga ɗora ɗiyan waƙa, wato baitocinta, ɗaya bayan ɗaya. Waƙa ɗaya takan ci wata biyu kafin a kai ta fada. Kuma ba a ambaton kakan ubangida da ka. Na sha raka Baba wurin tsofaffin fada da goro a hannu, don kawai ya tabbatar wane ne ya haifi wane, wane ne ya yi sarauta kafin wane, wace ce uwar wane. Makaɗin da ya rikita salsalar ubangidansa a bainar jama'a ya ji kunyar da ba ta wankuwa.

Abin da na fi kewa a duk wannan shi ne amshi, kuma shi ne abin da ya fi wuya in bayyana wa wanda bai tsaya a cikinsa ba. Mutane suna ɗauka ɗan amshi maimaita abin da jagora ya faɗa kawai yake yi. Ba haka ba ne. Jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, kamar wanda ya jefa ƙwarya sama ya juya baya, ya san akwai masu cafewa. Biyu su karɓa su kai shi wani wuri, ɗaya ya yi ƙari, sannan duka a haɗu a faɗa kan gindi lokaci ɗaya. Daudu yana da kakkaurar murya, ba mai zaƙi ba, amma ita ce shimfiɗar da sauran suke takawa. Ba ya shiga tare da kowa. Yakan bari rabin numfashi ya wuce, sannan ya shigo ta ƙasa ya ɗauke mu duka.

Ranar da aka fara barina in yi amshi a ƙofar fada ita ce ranar hawan babbar salla ta 1979. Dawaki sun jeru, hakimi ya fito, jama'a ta cika fili. Zumuɗi ya kwashe ni, na shigo kafin lokaci, muryata ta fita ita kaɗai tsirara a gaban gari. Baba bai ko waiwayo ba. Sai da muka koma gida, aka ci tuwo, ya kira ni zaure ya ce, "Kai ɗai kaj ji muryakka? Wanda bai jin numfashin na kusa da shi bai iya amshi ba." Daga ranar ya sa nake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Daudu, har haƙarƙarinmu na gugar juna. Ya ce kada in saurari waƙar, in saurari ƙirjin baffana. In ya ja iska in ja, in ya riƙe in riƙe. Na yi shekara biyu a haka. Har gobe in na ji tsohuwar waƙa, ɓarin jikina na dama ne yake fara amsawa.

Mu ƙanana ne, amma a inuwar manya muka tashi, kuma ƙasarmu ba ta yi talaucin manya ba. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, a fadar Sarkin Gobir na Isa ya yi zamaninsa, ya rasu kafin a haife ni, amma a zaurenmu ana ambatonsa kamar jiya ya fita. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, daga Rawayya ya fito. Sa'idu Faru yana nan kusa da mu, yana yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Kassu Zurmi na 'yan tauri ne da mazan daji. Ɗan'anace na 'yan dambe ne, ba a maganar ɗan damben nan Shago ba a tuna shi ba. Daga baya Sani Sabulu na Kanoma ya zo da nasa salon na jama'a. In ka gangara Kabi da Yawuri ga gidan Ɗandawo. Duk waɗannan a faɗin ƙasar da mota take ratsawa a wuni ɗaya.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo kuwa na gan shi da idona sau biyu a Maradun, ya riga ya manyanta, 'ya'yansa na bayansa da kotsuna. Babu lasifika, babu inji. Amma da ya ɗaga wannan siririyar muryar, filin da ke cike da dawaki da 'yan talla ya yi tsit, har kana jin ƙarar linzami. Abin da ya fi kama ni shi ne mutanen bayansa: in sun karɓa sai ka rantse bakin mutum ɗaya ne aka tsaga gida huɗu. A hanyar komawa Baba bai ce uffan ba har muka hango rumbunan garinmu, sannan ya juya ya ce wa Daudu, "Kaj ji yadda sunka aje ɗan nan?" Daudu ya ce, "Na jiya." A daren ba a kwanta ba, zaure aka shiga. Da labarin rasuwarsa ya zo a 1991, Baba ya kwana uku bai taɓa kotso ba.

Sauran manyan a rediyo muka san su. Rediyon Kaduna da Rima ta Sakkwato su ne makarantarmu ta biyu. Akwatin rediyo ɗaya ne a unguwarmu, na wani tela, kuma karo-karo ake yi a sayi batir. In aka sa waƙar fada, Baba yakan ɗaga hannu, ko tari ba a yi.

Da kaka ta yi, an ɗaure gero an kai rumbu, sai mu fita yawon kiɗi. Da dare muke tafiya saboda rana, farin wata kamar a tsinci allura, daga wannan gari zuwa wancan, ba abin da muke tsoro sai kura da maciji. Mu sauka a zauren mai gari, a kawo fura da tuwo. Ran Talata muna kasuwar Mafara, wata Alhamis ɗin mu kai har Shinkafi. A ba mu damen gero, a ba mu riga, a ba mu akuya, sau ɗaya aka ba Baba doki da sirdinsa. Kuma ba mu kaɗai ne a hanya ba. A lokacin kowace sana'a da kiɗanta. Manoma suna da gangar noma a wurin gayya, mahauta suna da kalangu, su ne kuma masu dambe, maƙera suna da dundufa, mafarauta suna da komo, mata a cikin gida suna da ƙwarya, 'yan mata suna gaɗa a dandali har dare ya raba. Kana kwance a kan tabarma za ka iya faɗin abin da ake yi a ƙauyen da ke gaba daga irin kiɗan da iska ta kawo.

Ba zan yi ƙarya in ce duk daɗi ne ba. Sunanmu maroƙa, kuma an nuna mana hakan. Na ga Baba, da furfurarsa, ya yi kwana uku a ƙofar wani mai kuɗi yana jiran rigar da aka yi masa alkawari a gaban jama'a, a ƙarshe aka aiko yaro ya ce maigida ya yi tafiya. Ni kaina yarinyar da na fara nema, da manyana suka je, sai aka ce musu gidan ba sa haɗa iri da masu roƙo. Mutanen da suke tashi tsaye in mun ambaci kakanninsu, su ne ba sa son jikokinsu su fito daga tsatsonmu. Wannan ciwon yana nan, kuma in na ce ina kewar da, ban haɗa da shi ba.

Abin bai mutu rana ɗaya ba. Da kaset ya yawaita mun yi murna, ga manya a aljihu. Sai muka lura mai biki ya gane rikoda ba ta cin tuwo, ba ta neman riga. Hakiminmu ya rasu a 1993. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma ɗan boko ne da ya yi rayuwarsa a birni, sai da salla yake kwana a gari. Ran da muka kai masa waƙar da muka yi wata biyu muna gini, wani na kusa da shi ya raɗa wa sanƙira cewa a taƙaita, minti goma, akwai baƙi. Aka miƙo ambulan. Kuɗin ciki sun fi abin da mahaifinsa yake bayarwa, amma Baba ya dawo gida kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 mun sa rai sababbin sarautu za su farfaɗo da mu, kuma an ɗan samu. Sai Shari'a ta zo. Ni Musulmi ne, ina cikin taron da aka yi a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, na yi kabbara da bakina, ban kuma yi nadama ba. Amma gaskiya ita ce daga shekarar 2000 wasannin dare sun ja baya ƙwarai, masu kalangun biki da na dandali suka fi jin jiki, wasu suka ƙaura, wasu suka koma gona. Mu na fada ba wanda ya zo ya hana mu, sai dai mutane sun fara jin nauyin a gan su suna yi wa makaɗi kyauta. Baba dama ya gaji. Ya ce ya yi na duniya, bari ya yi na lahira. Ya rasu a 2004. Kwana biyu kafin nan ya sa aka ɗauko kotson ya ɗora mini a cinya, bai ce komai ba.

Mun ci gaba da fita da salla, Daudu yana ja mana. Sai hanyoyi suka lalace. Kowa a Zamfara ya san abin da nake nufi, ba sai na buɗe ba. A 2018 aka tare motar kasuwa da Daudu yake ciki yana dawowa daga Mafara, aka shiga da su daji, dattijon da ya haura saba'in. Mun sayar da gonar gado muna haɗa abin da aka nema, kafin mu kai wani da ya kuɓuto ya gaya mana ya cika tun kwana na tara. Ba mu ga gawarsa ba. Shekara ta zagayo muka kwashe iyali muka bar garin. A watan Satumba na 2021, da aka rufe kasuwannin mako aka kuma yanke layukan waya, na yi makonni ban san ko Dogo da ƙaramin baffana suna raye ba.

Shi ya sa in na ji ana cewa fiyano ce ta kashe kotso, nakan ce a'a, ta dai tarar da shi kwance. Kiɗanmu yana buƙatar dare, yana buƙatar hanya, yana buƙatar hatsi a rumbu da mutanen da suka san kakannin juna suna zaune wuri ɗaya. An ƙwace mana daren, an ƙwace hanyar, manomi bai kai gona ba balle ya yi kyautar dame. Yaron da ya tashi bai taɓa jin ganga daga ƙauyen gaba ba sai ƙarar babura, da me zai koyi amshi?

Ɗana na uku, wanda yake rubuta wannan, an haife shi a 1998. Mawaƙi ne, yana aiki a wani sitidiyo a nan Gusau. Ran da na fara zuwa na tarar da ɗaki ɗan ƙarami, an manna soso a bango, ga kwamfuta, ga fiyano, ga makirfo. Ina zaune ango ya turo sunaye ta WhatsApp: nasa, na amarya, na uwayen biki, na abokai goma sha biyu. Kafin la'asar waƙa ta fito, an tura. Na tambaye shi ko ya san angon. Ya ce bai taɓa ganinsa ba. Na ce to wane ne kakansa? Ya yi dariya ya ce, "Baba, wa ke tambayar wannan yanzu?"

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amshin. Ya rera layi, ya koma ya sake rera shi, ya sake, ya sake, kwamfuta ta jera su, sai ga mutum huɗu suna amsawa, kuma duk shi ne. Inda murya ta kauce na'ura ta miƙe ta. Na zauna ina jin ɗana yana amsa wa kansa, ba kowa a gefensa, kunnuwansa a toshe. Na fita waje na tsaya a rana.

Ina da ƙorafi a kan mawaƙan yanzu, kuma zan faɗa. Hausarsu ta yi ruwa. Yaro haifaffen Zamfara, a gida yana cewa munka da sunka, da ya tsaya gaban makirfo sai ya koma Bakano, kamar harshen uwarsa abin ɓoyewa ne. Kalma ɗari ce suke juyawa, zuciya, hawaye, masoyi, ranka ya daɗe. Yabo ya zama na wanda ya biya, bana a wasa wannan ɗan siyasa, baɗi a zage shi a wasa abokin hamayyarsa da kiɗa iri ɗaya. Zambo kuwa sun mai da shi zagi. A da in makaɗi ya yi wa abokin gabar ubangidansa zambo, ba ya kama suna, zai siffanta tafiyarsa ko rawaninsa ta yadda gari duka zai gane, shi kuma ba shi da bakin kai ƙara. Wannan gwaninta ce da ake shekaru ana koyo.

Amma in na tsaya nan ban yi adalci ba. Muryar yaron nan ta Baba ce sak, in ya ja wani wuri sai tsigar jikina ta tashi. Da kuɗin waƙar nan yake biyan hayar gidan da muke ciki tun da muka yi gudun hijira. Ba ya tsugunawa a ƙofar kowa kwana uku, kafin ya buɗe baki an tura masa rabin kuɗinsa. Da ya je neman aure ba wanda ya ce masa maroƙi. Kuma shi ne ya cika mini memori da waƙoƙin Narambaɗa da na Ɗanƙwairo da ya samo a YouTube, har da waɗanda rabona da jin su tun zamanin akwatin tela. Ina wankin hula ina jin su, wani lokaci sai na juya wa ƙofa baya.

Bayan ƙaramar salla ya zo shago ya ce, "Baba, kotson nan nike so in sa cikin wata waƙa." Na yi farin cikin da ban nuna ba. Na sauke shi, fatar ta bushe ta tsage. Na yi mako biyu ina nema wurin mahauta da majema kafin na sami wadda ta yi, na ɗaure, na haɗa nake da hannuna, na zauna bakin murhun uwarsa ina murzawa ina ƙwanƙwasawa. Da ya yi magana ta farko sai da matata ta fito daga ɗaki.

Na je sitidiyo na yi kiɗi kusan minti goma, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Daudu. Ya ce ya isa. Sai na ga ya yanki bugu huɗu kacal daga ciki, ya jera su a fuskar kwamfuta suna maimaita kansu kamar itatuwan darni, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Ya watsar da sauran. Na ce masa kotso ba ya faɗin magana ɗaya sau biyu iri ɗaya, murya yake bi, in jagora ya ja ya jira shi, in ya yi sauri ya bi shi. Ya ce in ya kauce ba zai hau kan fiyano ba, kuma haka mutane suke so. Na ce to ba kotson ubana ba ne wannan. Na ɗauki abina na fita. Mun yi kwana takwas gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Uwarsa ce ta shiga tsakani, ban san abin da ta gaya masa ba. Ya zo da dare ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi irin naku. Ku kira mutanenku, ni zan biya mota." Sanƙira ya daɗe da rasuwa. Dogo yana Ƙauran Namoda wurin 'yarsa, ƙaramin baffana yana Mafara, idonsa ya yi rauni sai da ɗan jagora. Suka zo ranar wata Asabar da hantsi. Rabon da mu haɗu mu uku tun zaman makokin Daudu.

Na ce a kashe fiyano, a cire mana abin toshe kunne, makirfo ɗaya ya isa. Muka tsaya a jere yadda muka saba, ni a gaba a karo na farko a rayuwata. Muka ɗauko waƙar da Baba ya yi wa marigayi hakimi, wadda aka yi wata biyu ana gini. Na fara gindi, suka karɓa. Muryoyin sun tsufa, Dogo ba haƙora, amma ba wanda ya manta kalma ɗaya. Na ɗauko ɗa na farko na sake shi a tsakiya, suka cafe, suka kai shi inda ake kaiwa.

Sai muka yi shiru, mu duka uku.

Ba wanda ya shirya hakan. Wurin da Daudu yake shigowa ne, kowannenmu ya ja iska ya riƙe yana jiransa. Hannuna ma ya tsaya a kan fata. Da muka gane abin da ya faru, baffa ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska, Dogo ya zauna a ƙasa.

Yaron ya nuna mini a kwamfuta. Duk inda muka yi waƙa zanen ya yi tudu da kwari, wurin nan kuwa layi ne miƙaƙƙe. Ya ce a hankali zai iya yanke shi ya haɗe bakin, ba wanda zai gane. Baffa ya ce, "Kak ka taɓa shi. Wurin mutum na."

Muka sha ruwa muka sake ɗauka. Wannan karon yaron ya bar kwamfutar tana aiki ya zagayo ya tsaya a bayanmu. Da aka zo wurin ya buɗe baki ya shigo, da muryar nan tasa mai kyau, amma ya riga lokaci, ta fita ita kaɗai. Baffa bai ce masa ya yi kuskure ba. Ya laluba ya kamo hannun rigarsa, ya jawo shi har kafaɗarsu ta haɗu, ya ce, "Matso nan, ɗana. Bar jin waƙar. Ji ni."

Sau uku muka ƙara, bai samu ba tukuna, amma a na ukun ya kusa. Muna shirin na huɗu ɗan jagoran baffa ya leƙo ya ce ƙarfe uku ta wuce, kuma direban Mafara ya ce ba zai kai la'asar a tasha ba, haka ma na Ƙaura. Muka naɗe kotso a buhu, na raka su tasha, na tsaya har motocin suka tashi. Baffa ya ce in Allah ya kai mu bayan kaka, in hanya ta yi kyau, zai dawo a ƙarasa.